Mutuwar Shugaban Sojan Haya, da Wanda Ya Ci Gadonsa



Ina so in yi magana a kan wani mutumin ƙasar Rasha, sunansa Yebgeni Firigojin, shugaban rundunar sojan haya da a ke kira Wagner, wanda ya mutu ran 23 ga Agusta 2023. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne magana iri biyu da na sha ji a bakin mutanenmu. Waɗansu suna cewa tun da mutumin ya mutu, sha'aninsa ya mutu tare da shi, babu sauran abin dubawa. Waɗansu kuwa, saboda zafin abin da 'yan bindiga ke yi musu, suna cewa ina ma a samo mana irin waɗannan mutane, a biya su, su share mana daji. Ni kuwa abin da na gani, bayan na bi labarin daga farkonsa, shi ne rundunar ba ta mutu ba. Mai ita na gaskiya ne ya fito fili ya karɓi kayansa, kuma ƙasashen da suka yi zaton da ɗan kasuwa su ke ciniki suka wayi gari bashinsu yana hannun wata daula. Ga bayanin wannan, fasali fasali.

Fasali na farko: ko wane ne shi, da irin cinikinsa

An haife shi a 1961 a birnin Leningirad, wanda a ke kira Sen Fitasbag yanzu. Yana saurayi aka kama shi da laifin sata da fashi, ya yi shekara 9 a kurkuku, aka sake shi a 1990. Ya soma da sayar da abinci a bakin hanya, sa'an nan ya buɗe gidajen abinci na manya, har ya zama shi ke ciyar da baƙin Shugaba Biladimir Futin, mutane suka yi masa laƙabi da kukun Futin. Daga nan aka ba shi kwangilar ciyar da makarantu da barikokin soja, dukiya ta taru. Ku lura, mutumin bai taɓa zama hafsan soja ba. Mai sanin yaƙi a cikinsu shi ne Dimitiri Utkin, tsohon hafsa a sashen leƙen asiri na sojan Rasha, wanda laƙabinsa na fagen fama, watau Wagner, ya zama sunan rundunar duka.

Rundunar ta bayyana a 2014, a yaƙin gabashin ƙasar Yukiren. Shekara 8 Firigojin yana musun cewa yana da hannu a cikinta, har yana kai ƙarar masu faɗin haka, sai a Satumba 2022 ya amsa da bakinsa cewa shi ya kafa ta. Dokar Rasha kuwa ta haramta aikin sojan haya. To, a nan amfanin rundunar ya ke ga gwamnati: in ta ci nasara, ribar ta Masko ce, in ta yi ɓarna ko ta sha kashi, sai a ce waɗannan 'yan kasuwa ne, ba mu aike su ba. Haka ya faru a ƙasar Sham a Fabrairu 2018, sa'ad da jiragen Amurka suka karkashe mutanenta da yawa kusa da Dairuz Zur, gwamnatin Rasha ta ce babu sojanta a wurin.

Ladan aikinsu kuwa ba kullum kuɗi ba ne. A Sham an yi sharaɗi da wani kamfaninsa cewa zai ci rubu'in man fetur da iskar gas na rijiyoyin da aka ƙwato. A Sudan, bayan Umar al-Bashir ya ziyarci Futin a 2017, kamfanin Meroe Gold ya shiga haƙar zinariya. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, tun 2018, suka zama dogaran Shugaba Tuwadera, aka sakar musu zinariya da lu'ulu'u da katako. A Libiya suka taya Halifa Haftar yaƙin neman birnin Turabulus a 2019 da 2020, bai samu ba. A Mozambik suka shiga a 2019, suka ji jiki, suka fita. A Mali suka sauka a ƙarshen 2021. Ko ina ka duba, sai ka tarar da mai mulki yana tsoron kujerarsa, a ƙarƙashin ƙasarsa kuma akwai abin haƙa.

Fasali na biyu: tawaye da mutuwa

Da Rasha ta auka wa Yukiren a Fabrairu 2022, aka bukaci mutane, sai aka bar Firigojin ya shiga gidajen kurkuku yana ɗibar fursunoni, a kan wanda ya yi wata 6 a fagen fama bai mutu ba an yafe masa. Da su ya ci garin Bahmut a Mayu 2023. Shi da kansa ya ce ya ɗibi fursuna kamar 50,000, kuma mutanensa kamar 20,000 suka mutu a wannan yaƙi. Nasara ta sa kansa ya kumbura, ya riƙa zagin Ministan Tsaro Shoigu da babban hafsan hafsoshi Gerasimof a bainar jama'a, yana cewa sun hana shi harsashi. Ma'aikatar Tsaro ta ba da umurni kowace runduna ta 'yan sa kai ta sa hannu ta shiga ƙarƙashinta kafin 1 ga Yuli. Ya gane wannan yankan ƙauna ne ga sarautarsa.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Ran 23 da 24 ga Yuni 2023 ya juyo da rundunarsa cikin ƙasa, ya kama hedkwatar soja ta birnin Rostof, mutanensa suka harbo jiragen gwamnati, matuƙa suka mutu, ayarinsa ya nufi Masko har saura kamar kilomita 200. Futin ya kira abin cin amana. Shugaban Belarus, Lukashenko, ya shiga tsakani, aka tsaya, aka ce an janye tuhuma. Bayan kwana 3 Futin ya faɗi wata magana wadda ita ce mabuɗin wannan takarda: ya ce gwamnati ce ke ɗauke da rundunar, kuma daga Mayu 2022 zuwa Mayu 2023 ta biya ta fiye da rubul biliyan 86. Abin da aka yi shekaru ana musu, ga shi mai ɗaki ya faɗa da bakinsa.

Wata 2 daidai bayan tawayen, ran 23 ga Agusta, jirgin saman da ya ɗauko Firigojin daga Masko zuwa Sen Fitasbag ya faɗo a lardin Tiber. Mutum 10 ke ciki, babu wanda ya tsira. A cikinsu har da Utkin, da Baleri Cekalof mai riƙe da sha'anin kuɗi da guzurin rundunar. Watau kai da hannu da aljihu suka tafi a sa'a ɗaya. Gwamnatocin Yamma suka ce da gangan aka tarwatsa jirgin, yawancinsu suka nuna fadar Masko da yatsa. Fadar ta ce ƙarya ce tsagwaronta, daga baya Futin ya ce an sami ɓaraguzan gurneti a jikin gawawwakin. Aka binne shi a ɓoye ran 29 ga wata, ba tare da girmamawar soja ba. Kwana 2 bayan faɗuwar jirgin, aka fitar da doka cewa duk mai ɗaukar makami da sunan sa kai sai ya yi rantsuwar biyayya ga ƙasa.

Fasali na uku: ma'aunin da za a gane runduna ta wa ce

A nan ina so in kawo abin da kakanninmu suka gani, domin a auna. Rabeh ya fito daga ƙasar Sudan da rundunarsa ta bindiga, ya ci Barno a 1893, ya rushe Kukawa, ya zauna Dikwa. Faransawa suka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900. Ɗansa Fadlallah ya riƙe ragowar mutanen, shi ma aka kashe shi a Gujba a 1901, shi ke nan runduna ta watse. Dalili kuwa, rundunar Rabeh tasa ce shi kaɗai, babu wata daula a bayanta mai ba ta albarushi da albashi. Da kai ya faɗi, jiki ya bi.

Ta Firigojin ba ta yi haka ba. Tun ran 22 ga Agusta, ana gobe jirgin zai faɗi, Mataimakin Ministan Tsaro na Rasha, Yunus-bek Yebkurof, yana Bangazi wurin Haftar. Cikin makonni kaɗan ya zaga Burkina Faso da Mali, yana gaya wa masu mulki cewa aiki bai tsaya ba, sai dai yanzu da gwamnati za su yi magana. Kafin ƙarshen shekara aka ji sunan wata sabuwar runduna, Rundunar Afirka, a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, kuma da yawa daga mutanenta tsofaffin Wagner ne. Saboda haka ku riƙe wannan ma'auni, ya ku almajirai: in shugaban mayaƙa ya mutu, ku duba wanda ya biya albashin wata mai zuwa, shi ne ubangidansu tun asali.

Fasali na huɗu: abin da mutuwar ta canza a Rasha da Yukiren

A cikin Rasha, manya suka ga ƙarshen wanda ya ɗaga makami ya nufi fada, ba a sake jin wani mai runduna ya yi irin wannan baki ba. Janar Surobikin, wanda a ke ganin yana ɗasawa da Firigojin, aka sauke shi daga shugabancin sojan sama. Mayaƙan kuwa aka rarraba su: waɗansu Belarus, waɗansu suka sa hannu da Ma'aikatar Tsaro, waɗansu suka shiga rundunar tsaron cikin gida, waɗansu Afirka. Abin mamaki, a 2024 aka kama Timur Ibanof, ɗaya daga mataimakan Shoigu, da tuhumar cin hanci, shi Shoigu kuma aka ɗauke shi daga ma'aikatar a watan Mayu. Ƙarar da mamacin ya yi ta kaiwa an saurare ta, amma bayan an rufe bakinsa.

A fagen Yukiren kuwa, mutuwarsa ba ta rage komi daga yaƙin ba. Ɗibar fursunoni ta riga ta koma hannun Ma'aikatar Tsaro tun farkon 2023, kuma dabarar tura mutane bi da bi har abokin gaba ya gaji, da ita aka ci garin Abdibka a Fabrairu 2024. Mai dabara ya tafi, aka riƙe dabararsa.

Fasali na biyar: Sham da Libiya da Sudan

Ɗan kasuwa da daula ba abu ɗaya su ke nema ba, kuma Sudan ta nuna wannan sarai. A zamanin Firigojin, Wagner tana tare da Hamidati da dakarunsa na RSF, domin zinariya tana wajensu. Har Amurka ta ce a 2023, bayan yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu, Wagner ta ba su makamai masu linzami na harbo jirgi. Bayan mutuwarsa sai aka ga Masko tana karkata wajen sojan gwamnati. Mataimakin Ministan Harkokin Waje, Bogdanof, ya je Fot Sudan a Afrilu 2024, kuma a Nuwamba na shekarar Rasha ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu kan wani ƙuduri da gwamnatin Sudan ba ta so. Dalili, daula tana neman wurin ajiye jiragen ruwanta na yaƙi a bakin Bahar Maliya, kuma gaɓar tana hannun soja. Tsakanin waɗannan lissafi biyu talakawan Sudan ke mutuwa, har da 'yan'uwanmu Hausawa da suka zauna can tun zamanin tafiya hajji a ƙasa.

A Sham, tun bayan tawayen aka tilasta wa mutanen Wagner su shiga ƙarƙashin soja ko su fita. Da 'yan tawayen ƙasar suka taso a ƙarshen Nuwamba 2024, hankalin Rasha da ƙarfinta suna Yukiren, cikin ƙasa da mako 2 mulkin Bashar al-Asad ya rushe, ran 8 ga Disamba ya gudu Masko. Dalilan faɗuwarsa suna da yawa, amma ɗaya a fili ya ke: ya jingina da bangon wani, ran da mai bango ya shagala da gobarar gidansa, sai ya faɗi. A Libiya kuwa sansanonin da Wagner ta riƙe a yankin Haftar suka koma hannun sojan Rasha, suka zama zango a kan hanyar shiga ƙasashen kudu da hamada.

Fasali na shida: Mali da Burkina da Nijar

Nan ne abin ya matso kusa da mu. A Mali, Wagner ta shigo, sojan Faransa suka fita a Agusta 2022, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi su a ƙarshen 2023. Mutuwar Firigojin ba ta tsai da yaƙi ba. Ran 14 ga Nuwamba 2023 sojan Mali da mutanen Wagner suka shiga Kidal, garin da ya yi kusan shekara 10 ba ya hannun gwamnati, aka yi ta murna a Bamako. Amma a ƙarshen Yuli 2024, a Tinzawatan kusa da iyakar Aljeriya, 'yan tawayen Abzinawa da masu iƙirarin jihadi suka rutsa da ayarinsu. Abzinawa suka ce sun kashe Rashawa 84 da sojan Mali 47; Wagner da kanta ta amsa cewa ta yi hasara. Sai wani kakakin leƙen asirin Yukiren ya yi magana mai nuna cewa sun taimaki 'yan tawayen da bayani. Nan da nan, a farkon Agusta, Mali ta yanke hulɗa da Yukiren, Nijar ta bi ta. Ku duba, Allah shi gafarta muku: yaƙin da a ke yi a bakin kogin Dinifa, ga inuwarsa a cikin rairayin Sahara. Wanda ya yi hayar mayaƙin wani, ya gayyato maƙiyan wannan wanin zuwa ƙofar gidansa.

Ran 6 ga Yuni 2025 Wagner ta ce ta gama aikinta a Mali, ta fita, Rundunar Afirka ta zauna a gurbinta. Ko aikin ya gamu? Tun Satumba 2024 ƙungiyar Jama'atu Nusratil Islam wal Muslimin ta kai hari cikin Bamako, a makarantar jandarma da filin jirgi. A Satumba 2025 kuma ta soma tare hanyoyi tana ƙone tankokin mai, har aka rufe makarantu na ɗan lokaci saboda rashin man fetur. Masu bin al'amarin sun lura cewa sojan gwamnati ba ya jefa kansa gaba kamar yadda ɗan haya ke yi, domin gawarsa tana da mai tambaya a gida. Ya fi son horaswa da gadin fada da filin jirgi.

Nijar kuwa labarinta ya fi kowanne nuna abin da ni ke faɗa. Soja suka kifar da Shugaba Bazum ran 26 ga Yuli 2023, Firigojin ya yaba musu, ya tallata hajarsa, aka ga tutar Rasha a hannun masu zanga-zanga a Yamai. Bai cika wata ɗaya ba ya mutu. Wanda ya zo Yamai a Disamba shi ne Yebkurof, da sunan gwamnati. A wannan wata sojan Faransa suka gama fita. A Maris 2024 Nijar ta soke yarjejeniyar soja da Amurka, a Afrilu masu horaswa na Rasha suka sauka da kayan kare sararin sama, a Agusta Amurkawa suka bar sansaninsu na Agadas. Burkina Faso ta riga ta karɓi nata a Janairu 2024. Ƙasashen nan uku suka ƙulla ƙawancensu a Satumba 2023, suka fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Ba na cewa mutuwar mutum ɗaya ce ta jawo wannan duka; fushin mutane da Faransa ya girmi Wagner. Abin da mutuwar ta yi shi ne ta mai da cinikin bayan gida ya zama ƙawancen daula da daula, wanda ya fi wuyar warwarewa.

A Afirka ta Tsakiya ne kaɗai tsohon sunan ya daɗe, domin jijiyarsa ta yi zurfi a ma'adinai da fada, har a Disamba 2024 aka kafa mutum-mutumin Firigojin da Utkin a birnin Bangi. A can ma, a 2025 aka yi ta ba da labarin cewa Masko tana matsa wa Tuwadera ya karɓi Rundunar Afirka, ya riƙa biya da tsabar kuɗi.

Fasali na bakwai: in ka ce, sai in ce

In ka ce, ai sun yi amfani: sun kare Bangi daga 'yan tawaye a Janairu 2021, sun ƙwato Kidal, kuma mu kanmu a Nijeriya, a farkon 2015, gwamnati ta kawo waɗansu tsofaffin sojan Afirka ta Kudu na kamfanin STTEP, aka ƙwato garuruwa daga Boko Haram cikin 'yan watanni, har a 2020, bayan kisan manoman shinkafa na Zabarmari, gwamnan Barno ya roƙi a sake kawo irinsu. Sai in ce, gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba, kuma ba na zargin wanda aka kashe wa ɗa in ya nemi taimako ko daga ina. Amma cin gari daban, riƙe shi daban. Ɗan haya yana iya korar abokin gaba daga gari. Ba ya iya zama alƙali a cikinsa, ba ya raba manomi da makiyayi, ba ya jin harshen mutanen, kuma ran da kwangila ta ƙare ya naɗe tabarmarsa. Waɗanda aka kawo a 2015 sun tafi, yaƙin ya ci gaba shekaru bayansu.

In ka ce, to ai yanzu ya fi, tun da gwamnati ce da gwamnati, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa in an yi ɓarna. Sai in ce, wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce riba ɗaya da na gani a wannan mutuwa: labulen ya yage, ba sauran a ce ba mu san su ba. Amma wa zai ƙwanƙwasa ƙofar? A garin Mura na tsakiyar Mali, cikin kwana 5 a ƙarshen Maris 2022, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojan Mali da waɗansu baƙin mayaƙa sun kashe mutum 500 ko fiye, yawancinsu ba su ɗauke da makami. Gwamnatin Mali ta ƙaryata, ta ce 'yan ta'adda 203 ta kashe. Mai mulkin da ransa ke hannun baƙon dogari ba zai kai ƙarar dogarin ba. Kuma duk gidan da aka kashe wa mai gida ba da hakki ba, an buɗe wa masu tayar da ƙayar baya ƙofar ɗibar 'ya'yansa.

In ka ce, to Faransa da Amurka fa, da suka yi shekaru ba su gama da 'yan bindiga ba? Sai in ce, hujjata ta hau kansu kamar yadda ta hau kan Rasha. Ban rubuta wannan domin in zaɓa muku ubangida ba. Kowace daula maslahar kanta ta kawo ta, ran da maslahar ta juya sai ta juya, kamar yadda aka gani a Sudan. Wanda ya kori baƙo ɗaya ya kira wani ya ba shi makullin, ya gudu ne bai tsira ba.

Khatima

Alhasali, abin da ni ke roƙon malamai su koya wa almajiransu, su kuma faɗa wa masu mulki in sun sami kunnensu, abu uku ne. Na ɗaya, in aka ce za a kawo baƙin mayaƙa, a tambaya da me za a biya su, kuma a karanta sharaɗin a gaban wakilan jama'a. Domin ma'adinin da aka jinginar a ɓoye na jikoki ne, ba na mai sa hannu ba. Na biyu, a tambaya wa zai hukunta su in sun kashe wanda bai ji ba bai gani ba, a gaban wane alƙali, da wace doka. In babu amsa, to an sayo wa talaka tsoro na biyu a kan na farko. Na uku, a tambaya wa ke bayansu, kuma su wane ne maƙiyansa, domin su ma suna tafe.

Kuɗin da za a ba ɗan haya a wata guda, in aka biya sojan ƙasa hakkinsa a kan kari, aka ba shi kayan aiki, aka kula da matarsa in ya mutu, aka hukunta hafsan da ya ci kuɗin harsashi, aka gyara kotun da manomi da makiyayi za su yarda da hukuncinta, aikin zai yi jinkiri, amma abin da aka samu zai zauna. Mutanen da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Firigojin ya yi shekara 9 yana sayar wa masu mulki tsaro, shi kansa bai sami na tafiyar sa'a guda tsakanin birni da birni a ƙasarsu ba. Wanda ya ga haka ya kuma ce a wurin irinsa zai sayi kwanciyar hankalin jama'arsa, ya sayi rariya, kada ya yi mamaki in ta zub da ruwa.

Wanda ya ga kuskure a cikin wannan takarda, ya rubuto da hujjarsa, za mu buga ta kamar yadda muka buga wannan. Allah shi ba ƙasashenmu lafiya da shugabanni masu adalci. Haza wassalam.